Bindigar Kaka: A Gyara Ta Ko A Bar Ta Da Tsufanta?

A gidajen da suka gaji farauta, daga Birnin Gwari zuwa Gombi, daga Ningi zuwa Damagaram, akwai kadarar da takan rage bayan an gama rabon gonaki da dabbobi da suturu, wato tsohuwar bindigar mai gida. Wata adaka ce ƙirar maƙeran gari, an ɗaure ƙotarta da layu da jan ƙyalle. Wata kuwa mai baki biyu ce da marigayi ya saya a kantin Turawa zamanin En'e. Takan yi shekara da shekaru jingine a bayan ƙyaure, tsatsa ta rufe bututun, ƙota ta dare, kunama ta ƙi motsi. Ranar da wani jika ya ɗauko ta ya kaɗe ƙurar, ranar gida kan rabu biyu. Wasu su ce a kai wa gwani ya kankare ta, ya sake mata ƙota, ta koma yadda take a hannun mai ita. Wasu su ce kada wanda ya kuskura ya sa mata magagari, a ajiye ta da tabonta. Kowane ɓangare girmama marigayin yake nufi, shi ya sa gardamar ke da wuyar yankewa.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743) an shigo da bindigogi daga Nufe, kuma Babba Zaki (1768 zuwa 1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. A Damagaram, Sarki Tanimu ya tara bindigogi masu yawa, har igwa ake zuba masa a cikin birni. Sai dai yawancin waɗanda ke gidajenmu yau, labarinsu na da nasaba da yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a birnin Brussels a 1890. Ta hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigar zamani, ta bar musu mai dutsen ƙyastu, wadda ake ɗura wa baƙin albarushi ta baki. Don haka masana'antun Birmingham a Ingila da Liege a Beljiyam suka ci gaba da ƙera wa Afirka abin da Turai ta daɗe da daina yayinsa. Maƙeranmu suka kwaikwaya, suka ƙware, har aka kai ga bindigar toka ta bututun ƙarfe da icen gida. Ke nan bindigar kaka iri uku ce a ƙalla: ta fatauci da aka ƙero a Turai, ta maƙeran gida, da mai harsashi da ake karyawa a sa mata ta baya.

Masu cewa a gyara

Hujjarsu ta farko ita ce, don aiki aka ƙera bindiga, kuma shi kansa marigayin bai taɓa barinta da rauni ba. Ƙota ta tsage ya kai wa masassaƙi, kunama ta yi sanyi ya kai wa maƙeri, bututu ya yi sako-sako ya naɗe shi da waya ko ɗanyar fata. Adakar da ta daɗe tana shiga daji, da wuya a samu rabin jikinta na ranar farko ne. To, wane asali ake tsoron ɓatawa? Tare da bindigar aka gaji gyaranta, jikan da ya gyara kuwa tafarkin kakansa ya bi. Kyan ɗa ya gaji ubansa.

Ta biyu, barin ta a yanayi irin namu sallama ta ne ga tsatsa da gara. Damina ta jiƙa, hunturu ya busar, itace ya kumbura ya motse har ya dare. Ragowar baƙin albarushin da ya daskare a bututu na jawo laima, yana cin ƙarfen daga ciki inda ido ba ya kaiwa. Suna ganin yawancin masu cewa a bari ba tarihi ne ya dame su ba, ƙyuya ce da gudun kashe kuɗi, kuma Bahaushe ya riga ya ce gadon gida alala ga raggo.

Ta uku, suka ce a duba yadda ake yi a wasu wurare. Babban masallacin Djenne na ƙasar Mali, wanda gininsa na yanzu ya tsaya tun 1907, duk shekara mutanen gari kan fito su yaɓe shi, ba wanda ya ce ya tashi daga kayan tarihi. A Landan, gidajen ƙera bindigar farauta irin su Purdey da Holland & Holland har gobe suna karɓar bindigogin da suka ƙera fiye da shekara 100 da suka wuce, su gyara, su mayar wa masu su. A gida kuma, hawan sallar Kano, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disamban 2024, ba ya cika sai da rugugin bindigogin fada. Bindigar da ba ta tashi ba ta da gurbi a wannan sahu. In kowa ya rataye tasa, maƙerin da ya san sirrin kunamar adaka zai tafi da saninsa.

Masu cewa a bari

Su kuwa suka ce marigayi yana gyara ne domin da ita yake ciyar da gida. Jikan da ke aikin ofis a Kaduna ko tuƙin mota a Legas ba ya jiran ta kawo masa nama. Daga ranar da aikinta ya ƙare, abin da ya rage a jikinta shaida ce, kuma shaidar tana daidai wurin da masu gyara ke son kankarewa. Akwai gurbin da kuncin maharbi ya goge a ƙota, da baƙin da gumin tafin hannu ya bari, da tsagar da aka ɗinke da wayar tagulla, da layun da malaminsa ya ɗaura, wani lokaci har da zanen da yakan yi duk sa'ad da ya kayar da babban nama. Samfefa na iya share wannan duka tsakanin azahar da la'asar, kuma babu gwanin da zai maido shi.

Akwai kuma tamburan da ke jikin ƙarfen. Haruffan ELG cikin zobe mai siffar ƙwai alama ce ta cewa a Liege aka gwada bututun. Kalmar Tower a farantin da kunama ke jiki na nuni ga samfurin sojan Ingila ko kwaikwayonsa. Lambar rajistar da hukuma ta buga na iya kai mai bincike ga zamani da lardin da aka mallaki bindigar. Waɗannan tambura ba su da zurfi. Injin gurza ƙarfe ya bi ta kansu, sun tafi ke nan, a wayi gari da bindiga mai sheƙi wadda ba a san inda ta fito ba.

Misalin da suka fi kafa hujja da shi daga Amurka yake. A Nuwamban 2014, ma'aikatan gandun Great Basin a jihar Nevada suka tsinci wata bindiga ƙirar Winchester jingine da bishiya. Lambarta ta nuna a 1882 aka ƙera ta. Rana da sanyi sun mayar da ƙotar toka-toka, ƙarfen ya yi tsatsa. Aka kai ta gidan adana makamai na garin Cody a jihar Wyoming. Masanan wurin ba su goge ta ba, ba su sake mata itace ba. Lalacewar kawai suka tsayar, suka ɗauki hoton cikinta da na'ura irin ta asibiti, har suka gano harsashi ɓoye a cikin ƙotar. Irin wannan samfuri an ƙera fiye da dubu 700. Abin da ya sa ake takawa a je a ga wannan ɗaya shi ne tsufan da ke jikinta.

Batun Djenne da Landan kuwa, suka ce ba ɗaya ba ne. Yaɓen Djenne ƙasa ce kan ƙasa, a ƙarƙashin magina da suka gaji aikin. Purdey na da kundin bindigoginsa da ma'auninsu tun ranar da aka ƙera. Wanda zai karɓi bindigar kaka a kasuwar garinmu sau da yawa mai walda ne. Masana adana tarihi sun daɗe da ganin wannan haɗari: tun 1877 William Morris ya kafa ƙungiya a Ingila don yaƙar gyaran da ke mayar da tsohon gini sabo, yarjejeniyar Venice ta 1964 kuma ta shimfiɗa ƙa'idar cewa mai gyara ya dakata da zarar aikinsa ya koma kintace. Kada garin neman gira a rasa ido.

Batun daraja da gado

Masu gyara ba sa musun cewa a kasuwannin Turai da Amurka, masu tara tsofaffin makamai kan rage farashin bindigar da aka sake wa launi. Amma suka ce wannan kasuwa ba tamu ba ce, ba kuma wanda zai ɗauki adaka ya kai ta can. A nan ba a sayen tsatsa. Abin da ya yi kama da shara, shara ake mayar da shi: yau yana bayan ƙyaure, gobe yara sun cire layun, jibi yana buhun 'yan gwangwan. Bindigar da aka gyara aka rataye a zaure kuwa, kowa ya shigo zai tambayi labarinta, yaran gida ma su taso da sanin cewa abu ne mai martaba.

Masu bari suka mayar da martani ta fuska biyu. Ta farko doka ce. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Najeriya ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ba a fitar da shi ƙasar waje sai da izini, ba a kuma cinikinsa yadda aka ga dama. Adakar maƙeran gida da ta ga zamanin faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903 tana iya shiga wannan sahu, to ta yaya za a sauya mata bututu da ƙota a ce har yanzu ita ce? Ta biyu shari'ar gado ce. Bindiga ba ta rabuwa. Muddin ba a yi mata ƙima an danƙa wa wani ba, dukiyar magada ce baki ɗaya, har da 'ya'ya mata da galibi ba a tuntuɓa a irin wannan magana. Magaji ɗaya ba shi da hurumin yi wa abin tarayya canjin da ba ya komawa.

Batun haɗari

A nan masu gyara na da magana mai ƙarfi. Tsofaffin maharba kan ajiye bindiga a ɗure, kuma baƙin albarushi, in bai jiƙe ba, yakan yi shekaru masu yawa bai mutu ba. Bindigar da aka ce kada a taɓa tana iya kasancewa da ɗurinta, a gida mai yara. Kuma ko an hana, wata rana a biki ko sallah wani matashi zai ɗauko ta ya gwada. Gara a kai ta hannun wanda ya sani tun kafin wannan rana. Suna kuma tuna cewa a 2014, lokacin da Boko Haram ta mamaye Mubi da Maiha, maharban Adamawa da irin waɗannan bindigogi suka fita suka dafa wa sojoji. Ga mutumin ƙauyen da barikin soja ke nesa da shi, bindiga mai tashi ba ado ba ce.

Masu bari suka ce a duba ko tana ɗure, a fitar da ɗurin, wannan wajibi ne, amma ba shi ake kira gyara ba. Haɗarin gaske yana ga bindigar da aka gyara wa fuska. Tsatsar ciki kan rarake bututu ta bar shi da ramuka, mai gogewa kuma ya ƙara rage kaurinsa daga waje. Sheƙin sai ya ruɗi mai ita ya ɗauka lafiya ce. Tsofaffin masu baki biyu da yawa an yi bututunsu ne da ƙarfen da aka murɗa aka haɗa a wuta, don baƙin albarushi aka yi su. Harsashin yau na ɗauke da albarushi marar hayaƙi, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1884, kuma tsohon bututu ba lallai ya jure ƙarfinsa ba. A Birmingham akwai gidan gwajin bindiga tun 1813, inda ake harba bututu da ɗuri fiye da ƙima kafin a buga masa tambari. Maƙerin unguwa ba shi da wannan. In bututu ya fashe, hannun hagu da idon maharbi ne a kusa.

Suka ƙara da doka. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, da irin mai baki biyu da Sufeto Janar ke ba lasisi, da masu ɗuri ta baki irin adaka, waɗanda batunsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Sana'ar ƙera su ko gyara su ma sai da izini. Lasisi kuma ba ya shiga gado, domin in mai shi ya rasu, kwana 14 kawai dokar ta ba magaji. Zamani ma ya canza. A ƙarshen Maris 2025, a Uromi ta jihar Edo, gungun mutane suka kashe maharba 16 'yan Arewa da ke hanyar komawa Kano yin sallah, bayan an ga bindigogin toka a motar da suke ciki. Alhakin jininsu na wuyan waɗanda suka kashe su, amma abin ya nuna yadda yawo da bindiga ya koma a ƙasar nan. Giwa da ɓaunar da kaka ya yi suna da harbinsu kuwa, yau sai a irin gandun Yankari, wanda aka keɓe tun 1956, kuma harbi a cikinsa laifi ne.

In aka auna

Abu na farko da za a lura da shi, wurin da ɓangarorin suka haɗu ya fi yadda suke zato faɗi. Dukansu sun yarda a tabbatar ba ta ɗure, kuma wanda ya san aikin ne zai duba. Dukansu sun yarda tsatsa mai ja, mai garin da ke shafuwa a yatsa, cuta ce da dole a tsayar, saɓanin duhun launin da ƙarfe kan yi saboda daɗewa, wanda ba ya ɓarna. Tsayar da ita ba ya buƙatar samfefa: buroshi mai laushi, ɗan mai marar kauri, sannan a shafa kaki. A raba ta da jikin bangon ƙasa, kada a naɗe ta da leda ko fata, domin duka biyun na riƙe laima. Wannan kaɗai ya rushe zargin masu gyara cewa bari sakaci ne, ya kuma rushe ra'ayin masu cewa ko yatsa kada a sa mata.

Saɓanin gaske a abu uku yake: gogewa, sauya sassa, da harbawa. A kan gogewa, hujjar masu bari ta fi nauyi, saboda dalili ɗaya. Wanda ya bari yau yana iya gyarawa baɗi, wanda ya goge yau kuwa ya rufe ƙofa ga kansa da jikokinsa. A kan harba tsohon bututun da ba a auna ba, nan ma su ke da gaskiya, domin rai ya fi kayan gado. Mai buƙatar bindigar aiki, ya nemi lafiyayya ta hanyar da doka ta yarda. A kan sauya sassa ne masu gyara suka fi kusa da gaskiya, musamman ga adakar gida wadda tun asali faci kan faci ce. Ƙotar da gara ta cinye ba ta ba da shaidar komai. Ko a nan ma, a ajiye tsohon sashen da aka cire, kada a jefar, kuma kada a yi wa sabon dabarar da za a ɗauka tsoho ne.

Irin bindigar ma na sauya hukunci. Mai tambarin Turai da bai goge ba, ko wadda aka san ta halarci wani yaƙi ko ta fito hannun sanannen Sarkin Baka, ta fi cancantar a bar ta, in hali ya yi ma a nemi shawarar ma'aikatan Gidan Makama a Kano ko gidan tarihi na Jos. Bindigar toka ta shekarun baya-bayan nan, wadda irinta ke kowane ƙauye, asarar gyaranta kaɗan ce.

Akwai dai gidan da wannan awo bai warware wa matsala ba, shi ne gidan da har yanzu sarautar bindiga ke hannunsu, inda martabar zuri'a ita ce a ji ƙarar wannan bindiga, ba wata ba, ranar hawa. Ana iya ba su shawarar su sa maƙeri mai izini ya ƙera sabuwa don bugawa, tsohuwar ta fito a kafaɗa kawai. Wasu za su karɓa. Wasu za su ce ranar da bindigar kaka ta yi shiru, ranar aka binne shi da gaske. Wannan hukunci na magada ne, ba na marubuci ba.

Abin da ya rage gare ka, mai karatu, in akwai irinta a gidanku: kafin a kai ta ko'ina, a tara magada maza da mata a yi shawara, a ɗauki hotonta ta kowace fuska har da tamburan, a je ofishin 'yan sanda a daidaita batun lasisi. Sannan a zauna da dattijo ko dattijuwar da ta rage cikin waɗanda suka ga marigayin yana saɓa ta, a naɗi labarin a waya: wa ya ƙera ta, nawa aka saye ta, wane daji ta shiga, me ya jawo tsagar nan ta ƙota. Maƙeri zai iya jira har baɗi, amma tsofaffin da suka san labarin ba su da yawa.